Sarkin Yaƙin da Ya Rasu a Gure

Samarin yanzu idan suka ji cewa na yi shekaru ina yi wa silima baki, dariya suke yi. Jikana ya ce mini, "Kaka, ai wannan ba sana'a ba ce, surutu ne." Ban ba shi amsa ba, don ni amsa ba ta zuwa mini sai bayan kwana biyu. Ga ta nan na rubuta.

Silimar zamaninmu ba ta magana. Turawa su yi ta motsa baki a jikin farin ƙyalle, can sai hoto ya ɗauke, rubutun Faransanci ya fito, layi ɗaya ko biyu, ya ɓace. A Gure, 'yan shekaru kafin yaƙin duniya na biyu, waɗanda za su iya karanta wannan rubutu kafin ya ɓace ba su cika tabarma ɗaya ba. Dole a sami wanda zai tsaya gefen ƙyallen ya mayar da shi Hausa. Shi ake kira mai baki.

Amma ba da silima na fara ba. A lakwal na fara, wato makarantar boko, a bayan zana.

Malaminmu mutumin bakin teku ne, Mushe kawai muke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Wata shekara ya ce za mu yi wasan kwaikwayo a gaban kumandan da mutanen gari, wani tsohon wasa na Turawa da ya ce a ƙasarsu kowane ɗan lakwal ya san shi. Labarin wani tsohon sarkin yaƙi ne da abokan gaba suka kewaye garinsa, ya ƙi ba da mabuɗin ƙofa, aka harbe shi da kibiya a kan ganuwa. A aji an hana mu Hausa, amma saboda mutanen gari Mushe ya yarda a mayar da wasan, ni na rubuta shi a kaye, wato littafin rubutu. Da aka zo rabon aiki ya ce in fito in faɗi layi ɗaya a ji. Na fito, na buɗe baki, ba abin da ya fita. Sai ya sa ni bayan zana da kayen, in riƙa tuna wa wanda ya manta.

Sarkin yaƙi sai da gemu, kuma a duk lakwal gemu ɗaya ne, na Tanko mai dafa wa 'yan kwana abinci. Tanko bai iya karatu ba. Wata guda ina zaune gefen tukunya ina karanta masa, yana tuƙa tuwo yana maimaitawa. Jawabin mutuwarsa shafi biyu da rabi ne. A ciki zai yi wa ɗansa wasiyya, ya yafe wa wanda ya harbe shi, ya yaba wa garin, ya yi zancen dokinsa.

Ranar wasa, bayan la'asar, filin lakwal ya cika. Aka harbo kara, Tanko ya matse jiƙon zoɓon da ke ɓoye a hammatarsa, ya faɗi rigingine, ya ɗaga hannu.

"Ɗana, matso kusa."

Sai wata tsohuwa ta tashi daga cikin mata ta tsallake igiyar da aka gitta. Ya Falmata ce, Babarbariya, wadda a unguwarmu ita ake kira idan ciwo ya yi tsanani, kuma ita ke wanke mata idan ta Allah ta kasance.

"Ku gafara nan. Haka ake barin mutum?"

Ta mirgina Tanko kan kafaɗar dama, ta fuskantar da shi gabas, ta naɗe mayafinta ta tura masa ƙarƙashin kai.

"Bawan Allah, bar zancen duniya. La'ilaha illallah."

Tanko Musulmi ne, ba a miƙa masa kalma ya ƙi karɓa. Ya faɗa. Ni kuma daga bayan zana na raɗa masa inda ya tsaya, ya ɗauka: "Dokina, kada ku bar shi da..."

"Af, ya koma zance. La'ilaha illallah."

Ku da ba ku zauna kusa da mai jinya ba, ga yadda abin yake. Idan mutum ya yi kalma sannan ya sake wata magana, sai a sake tuna masa, don ita ta zama maganarsa ta ƙarshe. Ya Falmata ba ta taɓa sake da wannan ba, kuma ba ta ga dalilin da za ta fara a kan Tanko ba. Ina raɗa layi, tana bi da kalma. Na riƙa jan ɗan layi a gefen shafi, na ƙirga sau goma sha tara. Mushe ya cusa hularsa a baki. Kumandan ya ɗauka haka aka tsara, ya yi ta tafi. Da jawabi ya ƙare ta shafe wa Tanko ido, ta ce wa wanda ya fito a ɗansa ya yi haƙuri, ta karɓi mayafinta ta koma wurinta.

Tanko ya tashi ya koma kan tukunya, ba wanda ya yi mamaki. Mutanen Gure sun san wasa, kowa ya san Tanko ne. Abin da ba su yarda da shi ba shi ne a yi mutuwa, ko ta wasa ce, a yi ta ba bisa ƙa'ida ba. Aka daɗe ana cewa sarkin yaƙi ya cika da kyau.

Bayan shekara biyu Malam Ari ya iso daga Damagaram da raƙuma biyu. Tsohon soja ne, ya sayi akwatin silima a hannun wani Baturen kanti da zai koma gida. Akwatin baƙin ƙarfe ne mai hannu a gefe, ana juya shi kamar injin niƙa. A bayansa akwai fitila wadda ake ɗiga wa wani farin dutse ruwa, ya ba da iska mai wari, a kunna. Hotunan suna jere a jikin wani dogon abu mai kama da ɗamara, mu zare muke ce masa, kowane naɗi da gwangwaninsa. Sai farin akoko da ake ɗaurewa a bango. Mai bakinsa ya gudu a hanya, sai Malam Ari ya zo lakwal neman wani, Mushe ya nuna ni.

Malam Ari ya dube ni sama da ƙasa. "Wannan yana magana kuwa?"

"Yana rubutu," in ji Mushe.

Daren farko na tsaya gefen ƙyalle da sandar nuni, na karanta rubutun farko daidai, ba kuskure ko ɗaya. Ba wanda ya ji sai ƙyallen. Wani Bafillace daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Yaron nan addu'a yake yi ko aiki?" Washegari Malam Ari ya kai ni kwari, cikin dabinai, ya tsaya a wancan gefen ya ce in gaya masa sunana. Sati uku muna haka kowace safiya, har masu ban ruwan rogo suka san ni Isufu ne ba tare da sun taɓa ganina ba.

Aikin gaskiya da rana ake yin sa. Mu shiga zaure, mu toshe ƙofa da bargo, yana juyi ina rubutu. Kowane rubutun da ya fito in kwafe shi, in sa Hausarsa a ƙasa, in ƙirga juyi nawa ne daga wannan zuwa na gaba, don in san inda zan ja numfashi. Idan ka riga bakin Bature magana, an yi maka dariya. Idan ka makara, ka sa maganar sarki a bakin doki. Malam Ari ya hana ni muryar mata, ya ce Gure za ta sa mini sunan da zai bi ni kabari. Ni kuma na kafa wa kaina doka ɗaya: abin da aka rubuta, ko abin da ido ya gani, shi kaɗai zan faɗa. Wannan doka ta dame shi.

"Kai Isufu, wanda na yi aiki da shi a Damagaram har kare yake sa wa magana."

"Karen bai ce komai ba, Baba."

"To shi ma bai ce kada a sa masa ba."

A ƙofa da hatsi ake shiga, wani da gyaɗa, makiyaya da cuku. Shekarar da fara ta sauka ta cinye gero, ba wanda ke da abin ba hoto. Raƙumi ɗaya ya mutu, ɗayan Malam Ari ya sayar muka ci. Muka maƙale a Gure da zare biyar waɗanda har yara sun haddace, ina buɗe baki suna riga ni. Sai Malam Ari ya ciro wasu gwangwanaye daga ƙasan buhu, ya ce ya ɓoye su ne don rana irin wannan.

Muna sakawa a zaure na ga ganuwa, na ga tsoho da mabuɗi a wuya. Labarin sarkin yaƙinmu ne, an mai da shi silima. Na ruga gida na ɗauko tsohon kaye, na shimfiɗa shi gefen sabo, ina bi shafi da shafi. Duk abin da na sani yana nan, har ya fi, don a lakwal sojojinmu shida ne kuma biyu mura suke yi, nan kuwa dawaki sun cika fili. Da muka zo wurin kibiya na gyara zama, na fiƙe fensir, ina jiran shafi biyu da rabi.

Kibiya ta same shi, ya faɗi kan kafaɗar hagu. Sojojinsa suka wuce shi da gudu. Fuskarsa ta matso ta cika ƙyalle har ana ganin gumi a gemunsa. Leɓɓansa suka motsa, ba rubutun da ya fito. Hannunsa ya buɗe, mabuɗi ya zame. Sai dawaki. Juyi talatin, na sa an maimaita na ƙirga sau biyu.

Da a ce ina da wayo, da na yi magana tun a zauren. Ni dai na rubuta "ba rubutu" na ja layi.

Labari ya bazu cewa sarkin yaƙi ya dawo, ranar farko shingenmu na bakin kasuwa ya cika, wasu da ɗan abin da ba su da shi suka shigo. Aka yi ta sowa har wurin kibiya. Da dawaki suka wuce sai wata ta kira ni daga cikin mata.

"Ɗan nan." Muryar Ya Falmata ce. "Wannan ba sarkin yaƙinmu ba ne?"

"Labarin ɗaya ne, Iya."

"Wanda na rufe wa ido?"

"Wancan Tanko ne, wannan kuwa..."

"Na san Tanko, ni na yanke masa cibi. Tambayarka nake yi, wa ya dawo da mutum ya kashe shi kamar jaki a bayan gari? Ya ba alƙibla baya, ba ruwa, ba kowa. Da ya motsa baki me ya ce?"

"Ba a rubuta ba."

Ta kama hanya za ta zagaya bayan ƙyalle, ta tarar da bango. Dare na biyu rabin mutane suka zo don su ga ko an gyara, ya sake mutuwa yadda ya yi jiya. Dare na uku tabarmi kaɗai muka yi wa wasa. Da safe Liman ya aiko.

Liman dattijo ne mai sanyin magana. Ya bar mu muka gama gaisuwa, sannan ya ce, "Malam Ari, ni ban ce hoto mutum ne ba. Amma jiya na ga jikokina suna wasa a ƙofar gida, ɗaya ya faɗi wai an harbe shi, sauran suka tsallake shi suka wuce. Da ba haka suke yi ba. Ran Alhamis bayan isha'i zan zo in gani da idona. Idan haka abin yake, ku nemi wani gari."

Wani gari, ba raƙumi, a shekarar fara. Akwatin kaɗai sai mutum biyu sun kama. Muka koma zaure, Malam Ari ya zauna kan gwangwani ya yi tagumi. Tanko ya ji labari ya zo jaje, amma fuskarsa ba ta jaje ba ce.

"Naku ya mutu kamar wanda ya tuna ya bar tukunya a wuta," in ji shi.

Malam Ari ya ce, "Kai rufe mana baki, sarkin tuwo. Na je yaƙi, na ga yadda ake yi. Ba wanda ya yi shafi biyu. Wanda ya fi kowa daɗewa cewa ya yi a ba shi ruwa."

"To ni an yi mini kalma sha tara."

"Da kibiya ta gaske ce, ɗaya ma sai an yi sauri."

Ni ina gefe da kaye biyu a kan gwiwa. Malam Ari ya fi gaskiya, amma a lokacin na gane abin da ya tayar wa mutane hankali. A wasan kwaikwayo da baki ake mutuwa. Mai mutuwa yana da lokaci, yana sallamar kowa, kuma yana nan kusa, ƙafa goma, wanda bai gamsu ba sai ya tsallake igiya ya gyara. A silima da ido ake yi. Ana kawo maka fuskar mutum kusa fiye da yadda ka taɓa ganin ta mahaifinka, ka ga yana neman wani abu, kuma ba ka da hanyar kai masa hannu. Na yi ƙoƙarin faɗa musu haka, ya fito a hargitse.

Malam Ari ya ce, "Ka ga, bar dogon zance. Yana motsa baki ka sa masa kalma. Wa zai sani?"

"Ba a rubuta ba, Baba. Kuma Nasara ne."

"Wato yunwa za ta kashe ni saboda kaye."

Na ce akwai abin da za a iya gyarawa ba tare da an yi ƙarya ba. Ƙyallenmu a bangon gabas yake, mutumin yana kallon jama'a, shi ya sa ya ba alƙibla baya. A mai da shi bangon yamma. Yana kwance kan hagu, a juya zaren ciki ya koma waje, sai ya koma kan dama. Rubutu zai fito a birkice, amma ni kaɗai ke karantawa kuma yana cikin kaye. Saura lokaci. Idan aka rage juyi, talatin ɗin nan za su ishi Ya Falmata ta yi abin da ta saba.

"Fitilar nan wuta ce," in ji Malam Ari. "Gudun da zare ke yi shi ke hana shi kamawa. Ka rage da yawa, ya tashi kamar busasshiyar ciyawa."

Muka gwada da wutsiyar wani tsohon zare, ina faɗin kalma a hankali sau uku yana juyi, har muka sami daidai inda zare ke ɗumi bai kama ba. Na rubuta. Ya jiƙa buhu ya ajiye kusa da ƙafarsa. Ni na je wurin Ya Falmata, na tsaya a ƙofarta har ta gaji ta tambaye ni abin da ya kawo ni.

Ran Alhamis duk gari ya zo, yawanci don su ga an kore mu. Aka shimfiɗa wa Liman buzu a gaba, dab da inda nake tsaye. Ya Falmata ta zauna gindin ƙyalle da ɗan ƙoƙon ruwa. Kibiya ta zo, sarkin yaƙi ya faɗi kan dama, fuskarsa gabas. Na ji mata sun ce yauwa. Malam Ari ya rage hannu, sojoji suka wuce a hankali kamar masu jin kunya, fuskar ta matso tana rawa. Ya Falmata ta miƙe ta yi kalma. Leɓɓa suka motsa.

Liman ya ce a hankali, "Isufu, me ya ce?"

"Allah gafarta malam, ba a rubuta ba."

"Wato ba ka sani ba."

"Ban sani ba."

"Ni ma haka. Mu bar wa Mai sani."

Ta yi ta biyu, ta yi ta uku, daidai lissafina. Hannun sarkin yaƙi ya fara buɗewa. Sai ta ɗaga nata hannun ta juya baya ta daka tsawa: "Kai mai akwati, dakata! Bai gama ba!"

Malam Ari ya yi shekaru a soja. An ce dakata, hannunsa ya tsaya kafin kansa ya yi tunani.

Wani ɗan farin ɗigo ya fito a goshin sarkin yaƙi. Ya faɗaɗa, ya cinye idanu, ya cinye gemu, ƙyallen gaba ɗaya ya zama haske fari fat. Wuri ya ɗauki kabbara. A baya kuwa Malam Ari ya tsinke zare yana dukan wuta da jiƙaƙƙen buhu, yana zagi da Faransanci, girarsa ɗaya ta tafi.

Ya Falmata ta share hawaye da bakin mayafi. "Tun ina da haƙora nake wannan aiki, ban taɓa ganin haske irin wannan a fuskar mamaci ba."

Na buɗe baki zan yi bayani, don ba daidai ba ne a bar mutane cikin kuskure. Liman ya kama hannun rigata. Hancinsa lafiya lau yake, kuma ya riga ya waiwaya ya ga buhu.

"Ya ƙone ko?"

"Ya ƙone, Allah gafarta malam."

"Wurin mutuwar duka?"

"Duka."

"Ba zai sake mutuwa a garin nan ba ke nan."

"Ba zai sake ba."

"To ku ci gaba da zama a garin." Ya tashi ya ɗauki buzunsa.

Haɗa zaren da ya tsinke aiki ne na haƙuri. A datse bakin biyu da aska, a kankare, a shafa wani ruwa mai hawa kai, a danne da babban yatsa har ya kama. Ni na yi, don hannun Malam Ari na naɗe da tsumma. Daga ranar, a silimarmu sarkin yaƙi yana hawa ganuwa da mabuɗi a wuya, sai kawai a ga dawaki. Mutanen Gure ba su taɓa tambaya ba, sun san inda ya tafi. Muka ci abinci da wannan zare har damina ta zagayo.

Da kaka ta yi kyau muka sami raƙumi, muka fita Gidigir, daga nan Gamu. A Gamu, da dawaki suka wuce, wani dattijo makiyayi ya ɗaga sanda.

"Kai mai baki, tsohon nan mai mabuɗi fa? Ina ya shiga?"

Malam Ari ya rage hannu, yana jiran ya ji abin da zan ce. Na duba kaye, na ɗago kai.

"Ya rasu a Gure, Baba. Daren Juma'a."

"Ash-sha. An tuna masa kalma?"

"An tuna masa."

Dattijon ya sauke sandarsa. "To madalla. Ci gaba."